Gidan da Baba Ya Saya wa Laraba

Tun da na dawo malaman makarantarmu suka hana ni sakat. Duk wanda na haɗu da shi a ofis sai ya ce, "Malama Rabi, yaya Dubai? Kin hau dogon benen nan? Ina tsarabar gwal?" Malama Asabe har cewa ta yi wai rowar labari nake yi musu. Ba rowa ba ce. Dogon benen daga nesa na hango shi ta tagar tasi, gwal kuwa ko kasuwarsa ban taka ba. Jinya ce ta kai ni, kuma abin da na gano a can ba irin wanda ake faɗa a tsaye a bakin aji ba ne. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Sunayen mutanen gidanmu kawai na canja.

Babanmu mai gyaran keken ɗinki ne a Fagge, har sai da yanar ido ta rufe masa idanu biyu ya daina ganin ramin allura. Yayana Mansur shi ne ɗansa na fari, yana aiki a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Port Saeed ta Dubai. Lokacin da Umma ta rasu bai zo ba. Fasfonsa yana hannun mutanen da yake yi wa aiki a wancan lokacin, kafin su sake shi har an yi sadakar arba'in. Baba bai karɓi wannan uzurin ba. Da ma can bai taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce "yayanki". Bayan rasuwar ko wannan ma sai da ƙyar. In Yaya ya bugo waya na miƙa masa, sai ya ce, "Ki ce na amsa." Haka aka yi shekaru. Da Yaya ya nemo asibiti ya turo mana biza, sai da limamin unguwarmu ya sa baki Baba ya yarda. Kowa ya ɗauka don ido muka tafi. Ni kam abin da ke raina shi ne in ga mutanen nan biyu sun zauna sun yi magana kafin ɗayansu ya mutu.

Ta Addis muka bi. A filin jirgin Kano muka haɗu da wata Hajiya Ladidi mai saro abayoyi da takalma, wadda ta san hanyar nan kamar hanyar gidan kitso. Ta shinshina jakata ta ce, "Me kika ƙunso haka yake tashi?" Na ce daddawa ce da kuka da yaji. Ta ce, "Ƙara mata leda, 'yar nan, kada a kwance ki a gaban Larabawa." Na ƙara, ashe bai isa ba.

Baba bai taɓa hawa jirgi ba. Na zaci zai tsorata, sai ga shi ya karkata kai yana sauraron injin, can ya ce min akwai wani abu da ke kaɗawa a ciki, ya kamata a sa masa mai. A Addis muka sha jira cikin sanyi a kan kujerun ƙarfe. Hajiya Ladidi ta raba mana dambun nama, tana ci tana zuba. "Alhaji, ɗanka ɗan albarka ne wallahi. Wasu 'ya'yan in sun zo ƙasar nan ko flashing ba sa yi wa iyayensu." Baba ya ce, "Uhm," ya juya kai wani wajen.

A Dubai sai ka tsaya gaban wata na'ura ta ɗauki hoton ƙwayar idonka kafin a buga maka hatimi. Ni na wuce lafiya. Baba kuwa na'urar ta ƙi shi. Jami'in, wani saurayi cikin farar jallabiya, ya yi ta cewa, "Hajji, iftah, iftah," yana gwale nasa idon da yatsu. Baba ya ce da Hausa, "A buɗe suke, yaro. Abin da ya kawo ni ke nan." Aka kai mu wani ɗaki a gefe, na nuna takardar asibiti, sannan aka sake mu. Ba mu yi nisa ba masu duba kaya suka tsayar da jakata. Mutumin yana kwance ledar ya ja da baya, ya yafito abokinsa. Na tattaro Turancina na ce kayan miya ne. Ya toshe hanci ya ce, "Khalas, yalla, yalla." Na ɗaure kayana ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya yana tsaye a wajen masu tarba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana ganin Baba ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane, Turawa suna kauce masa da akwatunansu. Baba ya miƙa masa kan yatsu ya ce, "Mun same ku lafiya?" kamar wanda ke gaisawa da surukin maƙwabci. Iyakar abin da ya faɗa ke nan har muka isa gida.

Ku da kuke kukan zafin Kano, ku gode wa Allah. Namu busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Nasu jiƙaƙƙe ne, kana fita daga ƙofa tabarau ya rufe da tururi, kuma inuwar ma ba ta da wani amfani. Shi ya sa babu mai kashe na'urar sanyaya ɗaki, esi, ko yana gida ko ba ya nan.

Gidan Yaya ciki da falo ne a wani tsohon bene a Al Rigga, ƙasansa shagunan canji da gidajen abinci. Ya bar wa Baba uwar ɗaka, ni falo, shi kuma ya ja katifarsa zuwa wani ɗan sito marar taga da kullum yake rufe. Mutanen benen ba sa gaisawa. Baba in ya shiga lif sai ya yi wa kowa sallama, su kuma su zuba wa wayoyinsu ido. Wani tsoho ɗan Pakistan ne kaɗai ke amsa masa, har suka saba, suna hira kowa da yarensa. Na tambayi Yaya wa ke zaune a ƙofar da ke kallon tasa. Ya ce bai sani ba. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, don a gidanmu shi ne mai tara abokai a zaure har Umma ta yi ta faɗa a kan kwanukan tuwo.

Baba yana da wata ɗabi'a. Shekarun baya an taɓa kawo wuta da ƙarfi ta cinye masa rabin shago, tun daga nan ba ya barin komai a kunne. Kafin ya fita sai ya bi bango da hannu yana kashe soket ɗaya bayan ɗaya. A gidan Yaya ma haka ya ci gaba. Ya kashe na firji, ya kashe na talabijin, Yaya ya bi bayansa a hankali yana kunnawa. Na ce, "Yaya, ka faɗa masa mana a nan ba a ɗauke wuta." Ya ce, "Bari kawai, Rabi." Tsoro yake ji kada maganar farko da za ta haɗa su ta zama gyara.

Kwanakin farko abincin Indiyawa muka ci, shinkafa mai yaji da wata waina mai maiƙo da shayi mai kauri. Baba ya ce cikinsa ya gaji, na ce to yau miyar kuka zan kaɗa. Na buɗe firiza neman nama, na jawo wata leda a bayan kaji. Ɓeraye ne a ciki, farare, a daskare, an jera su reras da 'yan ƙafafunsu a dunƙule. Ihun da na yi, ina jin har shagunan canji sun ji shi.

Yaya ya fito da gudu, Baba ya lalubo bango ya biyo. Babu sauran ɓoyo. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce abincin macizansa ne.

Ya buɗe siton. A jikin bango akwai wata kanta, a cikinta robobi masu faɗi da ake jawowa kamar durowa, kowace da 'yan hudoji a gefe. Ya jawo ɗaya. A ciki akwai ɓawon kwakwa da aka farfasa, da kwanon ruwa, da wani kasko a kife, a ƙarƙashinsa kuma abu a naɗe. Ni dai ina bakin ƙofar falo da mayafina a hannu, ina shirin komawa Kano a ƙafa. Jira nake Baba ya fashe da faɗa, don a ƙauyensu maciji ba a yi masa tambaya, sanda ake nema.

Baba ya tsaya a bakin ƙofar siton. Can ya ce, "Suna da dafi?"

"A'a, Baba. Ƙananan mesa ne, ba sa girma sosai. Asalinsu ma daga wajenmu ake kawo su."

"Sayarwa kake yi?"

"A'a."

"To me suke yi maka?"

Yaya ya ce, "Ba sa komai, Baba. In na dawo daga aiki dai ina tarar da su."

Baba ya matso. Ya miƙa hannu ya shafa bakin robar, ya ƙwanƙwasa ta da farce. "A robar wanki ka zuba su?"

Nan Yaya ya shiga bayani. Ya ce irin wannan mesar a daji ramin gafiya take shiga ko cikin suri, ba ta son sarari, ba ta son haske. Roba tana riƙe ɗumi da laima, ga esi yana busar da iskar gida, in babu laima saɓarta sai ta riƙa fita guntu-guntu ta manne mata a ido. Ya ce akwatin gilas ya fi kyan gani, kuma akwai macizan da ya dace da su, masu hawa reshe da masu son shan rana. Amma wannan in ta ga motsi ta kowane gefe sai ta tsorata ta daina cin abinci. Ya yarda robar tana da nata aibin, ba ka ganin dabbarka sai ka jawo, kuma masu kiwon ma kansu kullum cikin musu suke a kan haka. Babbar cikinsu sunanta Laraba, don ranar Laraba ya karɓe ta daga wani abokin aikinsa ɗan Filifin da aka sallama zai koma gida. A shekarar da Umma ta rasu ne.

Baba ya ce, "Duk abin da ka tsare, Allah zai tambaye ka haƙƙinsa. Rai a cikin duhu kamar garin kwaki a roba, ban ga daidai ba." Sannan ya ce, "Miƙo ta nan."

Na rantse muku da idona na ga Baba zaune a bakin katifa da maciji a cinya, yana bin jikinta da yatsu a hankali yadda yake bin keken da aka kawo gyara. Ita kuma ta dunƙule ta cusa kai a tsakiya. Tsigar jikina tana tashi, amma raina fari ƙal. Rabon da in ji sun yi magana mai tsawon wannan tun Umma na da rai.

A asibitin da muke zuwa gwaji akwai wani babban akwatin kifi a ɗakin jira, da fitila a ciki. Baba ba ya ganin kifayen, amma yana ganin hasken. Ya sa na kai shi gabansa ya shafa gilas ɗin, ya tambaye ni me ke ciki. Washegari Yaya na fita aiki ya sa hularsa ya ce, "Tashi ki raka ni." Na ce ina? Ya ce inda ake sayar da irin akwatin nan.

Tsohon nan ɗan Pakistan ne ya kwatanta wa mai tasi shagon. Mai shagon Ba'indiye ne, ya tambaye ni na wace dabba. Na ce maciji. Ya ce wane iri? Baba ya ji an tsaya, ya ce, "Ki ce masa mesa," ya ware hannuwa iya tsawonsu. Mutumin ya zaro ido ya nuna mana wani mai girman gado. Da ƙyar na sasanta su a kan matsakaici. Baba ya bi kusurwoyinsa da yatsa, ya ce haɗin ya yi kyau, ya kwance guzurinsa ya biya. Na so in hana shi, amma ban taɓa ganinsa da zumuɗi irin na ranar ba. Baba ba ya cikin mutanen da ke iya cewa "na yafe" da baki. In ya huce da kai, sai dai ka ga ya gyara maka wani abu.

Babu inda akwatin zai zauna a falon sai kan teburin da ke jikin taga, inda wani labule mai kauri yake a rufe kullum. Nan masu kawowa suka ajiye shi. Yaya ya dawo da yamma ya tsaya turus a ƙofa.

Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Gida ne na saya wa baiwar Allahn nan. A fito da ita ta ga duniya."

Yaya ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba. Allah ya saka da alheri."

A kicin na sami Yaya ya dafa wurin wanke kwanuka. Na ce, "Ba zai yi ba ko?" Ya ce, "Ba zai yi mata ba. Amma Rabi, wannan ne abu na farko da ya ba ni tun rasuwar Umma. In ce masa me? In kun tafi na mayar da ita, 'yan kwanaki ne." Ya zuba mata ɓawon kwakwa, ya sa kaskonta, ya manna kwali a gefe uku don ta samu sutura. Baba ya lalubo kwalin ya cire, ya ce wa ke sayen gilas ya rufe shi da kwali.

Daga nan kullum bayan magariba su biyun sai su ja kujeru gaban akwatin. Da Laraba ake farawa, daga nan a gangara kan Fagge, wa ya mutu, wa ya sayar da shagonsa, wane keke ne ya fi ƙarko. Ina kicin ina jin su ina share hawaye da gefen mayafi. Laraba kuwa ta ƙi cin abinci. Yawo take ta yi tana goga hanci a jikin gilas, ta miƙe ta zame, ta sake miƙewa. Baba yana ganin inuwarta tana motsi sai ya ce, "Ka gani ko? Da can a takure take." Yaya ya ce, "Haka ne, Baba."

Ranar aikin ido da sassafe muka fito. Muna bakin lif Baba ya ce a ba shi makulli, ya yi mantuwa. Na ce in raka shi, ya ce shi ba yaro ba ne, ya san gidan. Bai daɗe ba ya fito. Hankalinmu duk yana kan asibiti, babu wanda ya tambaye shi abin da ya manta.

Aikin ya yi kyau, sai dai an daɗe kafin a zo kansa, aka kuma riƙe shi ya huta. Sai bayan la'asar muka dawo, Baba da bandeji a ido ɗaya, muna riƙe da shi hagu da dama. Yaya yana buɗe ƙofa zafi ya buge mu kamar an buɗe murfin tukunya. Falon ya cika da haske. An zuge labulen har ƙarshe, rana ta faɗo a kan teburin.

Baba ya ce, "Kun fita kun bar komai a kunne, na koma na kashe muku. Na kuma buɗe mata labule ta sha hantsi."

Na dubi Yaya. Idonsa yana kan akwatin. Laraba tana miƙe a jikin gilas, cikinta a sama, bakinta a buɗe. Ruwan kwanonta ya ƙafe.

Ya ce, "An gode, Baba."

Da hannunsa ya kai Baba ɗaki, ya kunna esi, ya cire masa takalma, ya gyara masa matashi. Sannan ya shiga sito ya jawo robobin ɗaya bayan ɗaya. Sauran duk suna da rai. Sun shige kwanukan ruwansu sun lafe, ɗakin babu taga, robar kuma ta riƙe musu laima. Ya dawo falo ya sa hannu zai ɗauko Laraba, gilas ɗin ya ƙona shi, sai da ya naɗe hannun da tawul. Ya sa ta a rigar matashi ya zauna a ƙasa da ita a cinya. Bai yi kuka ba, ni ce na yi. Ni da ko kallonta ba na iya yi.

Garin nan duk kwalta ne da siminti, babu inda mutum zai tona rami. Sai da ya ɗauki tasi har bayan Muhaisnah, inda gidajen leburori suka ƙare yashi ya fara. Ya dawo gab da magariba da yashi a ƙafar wandonsa. Ya ce min, "Ko da wasa kada ki faɗa masa. Za mu ce saɓa za ta yi, na mayar da ita roba don tana son duhu." Na ce, "Yaya, har yaushe?" Ya ce, "Kin fi son ya koma cewa ki ce na amsa?"

Da aka cire bandejin, abin da Baba ya fara gani sosai fuskar Yaya ce. Ya daɗe yana kallonsa a ɗakin likita, sannan ya ce, "Ka yi furfura." Yaya ya yi dariya, ni ma na yi, amma babu wanda dariyar ta kai masa ciki. A tasi Baba ya yi ta karanta lambobin motoci da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. Muna shiga gida ya nufi akwatin, ya same shi wayam. Yaya ya karanto masa abin da muka shirya. Baba ya gyaɗa kai.

Ana gobe za mu taso ya ce shi fa ba zai tafi bai ga baiwar Allahn nan da idonsa ba. Yaya ya shiga sito ya ɗan jima, ya fito da wata daga cikin sauran, wadda ta fi kusa da Laraba a girma. Baba ya karɓe ta ya ɗora a cinya. Ya kalle ta, ya bi jikinta da yatsu tun daga kai har wutsiya. Ya ce, "Masha Allah. Ashe haka take da kyau." Ya miƙa masa ita.

A filin jirgi Yaya ya sake durƙusawa. Wannan karon Baba ya dafa kansa, ya bar hannun a wurin. Ya ce, "Ka zo gida da Babbar Sallah. Ka ga kabarin uwarka." Yaya ya ce in sha Allahu. Na ce a raina ko yanzu tafiyar nan ta biya.

Mun tashi, an raba abinci an kwashe, Baba bai taɓa nasa ba. Yana ta kallon gajimare ta taga. Na zaci daɗin sabon ido ne. Can ya ce, bai juyo ba, "Rabi, wadda ya ba ni jiya ba ita ba ce."

Na ce, "Baba, ai saɓa ce ta canja ta."

"Kada ki yi min haka. Waccan tana da wani ɗan ƙulli kusa da wutsiya, kamar inda ƙashi ya taɓa karyewa ya haɗe. Hannuna bai makance ba." Ya juyo ya dube ni. "Ranar da aka yi min aiki ne ko? Da na kashe na'urar nan."

Na sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ya faɗa min tun farko ba ta son gilas. Na ji shi sarai." Ya goge idon da aka yi wa aiki da bayan hannu, abin da likita ya hana. "Kuma ya ce min an gode."

Na ce, "Baba, ba da gangan ka yi ba. In mun sauka sai ka kira shi ku yi magana."

Ya ce, "A'a. Ya rufa min asiri, a bar masa abinsa. Kada ki faɗa masa na sani."

Haka na sauka a Kano da amana biyu, kowace ta fi jakata nauyi. Babbar Sallah ta zo ta wuce, Yaya bai samu hutu ba, ya ce sai wata shekara. Ban sani ba ko hutun ne, ko kuwa tsoron zama gaban Baba yanzu da yake gani. Amma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yana bugowa, kuma Baba da kansa yake karɓa.

Juma'ar da ta wuce ina zaune ina tsince shinkafa, wayar a buɗe ina jin su. Suka gaisa, suka yi maganar zafi da ta ɗigon maganin ido.

Baba ya ce, "Yaya Laraba? Ta fara cin abinci?"

Yaya ya ce, "Ta ci, Baba. Jiya ma ta ci."

"Tana cikin robarta?"

"Tana ciki."

"To madalla. Ka bar ta a nan, kada ka sake fito da ita."

Ya miƙo min wayar, ya tashi ya shiga ɗaki ya saki labule. Na kara a kunne na ce, "Yaya?" Ina jin numfashinsa, amma bai amsa ba.